Babi na Biyar: Hanyoyin Hawan Dutsen Ben Nevis

Dutsen Ben Nevis, wanda yake tsaye a bayan garin Fort William a yammacin yankin tsaunukan Sikotlan, shi ne mafi tsawo a duk tsibiran Birtaniya, ko da yake tsawon nasa bai wuce mita 1,345 ba, bisa awon da hukumar safiyo ta ƙasar ta bayyana a shekarar 2016. Wanda ya san cewa birnin Jos kansa yana zaune ne a kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku zai iya raina wannan adadi, to amma akwai abin da adadin ba ya nunawa. Gindin dutsen yana dab da bakin teku, saboda haka mai hawa yana taka kusan dukan tsawon da ƙafarsa, babu abin da mota za ta rage masa. Sannan dutsen yana can arewa mai nisa, kuma yana cikin manyan shingayen farko da iskar Tekun Atlantika mai ɗauke da danshi take cin karo da su, don haka yanayin da ake tararwa a samansa ya fi kama da na ƙasashen ƙanƙara fiye da na garin da aka baro a ƙasa da safe.

Siffar dutsen ita ce ta raba hanyoyinsa. Masana duwatsu sun nuna cewa Ben Nevis ragowar wani dutse ne mai aman wuta wanda rufinsa ya rufta cikin kansa kimanin shekara miliyan 400 da suka wuce, daga baya kuma manyan kogunan ƙanƙara, wato tarin ƙanƙarar da ke gangarawa a hankali tana kankare duk abin da ta bi ta kansa, suka sassaƙe shi. Ta yamma da kudu sun bar shi da faffaɗan doro mai gangara, wanda daga gari ba ya ba kowa tsoro. Ta arewa maso gabas kuwa sun yanke shi tsaye, suka bar bangayen dutse da zurfinsu ya haura mita 600, masu tsage-tsagen kwazazzabai. A tsakanin fuskokin biyu akwai shimfiɗaɗɗen fili na tarin duwatsu mai faɗin kimanin hekta 40, kuma ƙololuwar tana kusa da bakin bangayen nan. Kowace hanya aka bi, mai sauƙi ko mai wuya, a wannan fili take ƙarewa, kuma yawancin masu hawa ta cikinsa za su ratsa idan sun tashi saukowa.

An san yanayin wannan fili sosai, domin mutane sun zauna a kansa shekara 21 suna auna shi. Hawan farko da aka rubuta shi ne na James Robertson, wani masanin tsirrai daga Edinbara, a watan Agusta na 1771, amma sai bayan ƙarni guda aka fara zirga-zirga sosai. A watannin bazara na 1881 da 1882 wani mai nazarin yanayi, Clement Wragge, ya riƙa hawa kusan kullum yana ɗaukar awo, abin da ya taimaka wajen shawo kan jama'a su ba da gudummawar gina tashar nazarin yanayi a ƙololuwar. Ƙungiyar masana yanayi ta Sikotlan ta buɗe tashar a watan Oktoba na 1883, ma'aikatanta kuma suka riƙa fita kowace awa, dare da rana, suna duba na'urori, har aka rufe ta a 1904 saboda ƙarancin kuɗi. Abin da suka rubuta ya nuna cewa matsakaicin zafin shekara a can sama yana ƙasa kaɗan da matakin daskarewar ruwa, ruwan sama ya haura milimita 4,000 a shekara, wato kusan ninki biyu na abin da ke sauka a Fort William, kuma gajimare yana rufe ƙololuwar kusan kashi 80 cikin 100 na lokaci daga Nuwamba zuwa Janairu, sannan ko a Mayu da Yuni ya fi rabin lokaci a rufe. A wannan tasha ne matashin masanin kimiyya C. T. R. Wilson ya yi ɗan zama a 1894, ya ga yadda hasken rana ke zana zobe mai launuka a kewayen inuwar mutum a jikin gajimare, kuma ƙoƙarinsa na kwaikwayon gajimare a ɗakin gwaji shi ne ya kai shi ga ƙera na'urar da ta samo masa lambar yabo ta Nobel a 1927.

Hanyar da mafi yawan mutane ke bi a yau gadon wannan tasha ce. An shimfiɗa ta a 1883 domin ƙananan dawaki su riƙa kai abinci da gawayin kwal sama, kuma tun da dabba mai kaya ba ta iya hawa miƙe, sai aka yi ta da kwana-kwana yadda gangararta ba za ta yi tsanani ba. Tana farawa daga Achintee, a bakin kwarin Glen Nevis, kimanin mita 20 kacal sama da teku, wasu reshina biyu kuma suna haɗuwa da ita daga cibiyar baƙi da kuma masaukin matasa da ke cikin kwarin. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 16 ne, kuma mai matsakaicin ƙarfi yakan ɗauki awa 7 zuwa 9. Kashin farko yana bin gefen wani tudu mai suna Meall an t-Suidhe, a kan matakalar manyan duwatsun da aka jera da hannu, tsakanin ciyayi da tumaki, har a fito wani sarari a mita 570 inda wani ƙaramin tafki yake kwance. Jama'a sun ɗauki tafkin a matsayin rabin tafiya, alhali idan aka yi lissafin tsawo bai kai rabi ba. Gaba kaɗan hanyar tana tsallake wata ƙorama da ake kira Red Burn, wadda ke zubowa daga sama a kan jajayen duwatsu, kuma ita ce wuri na ƙarshe da za a dogara da samun ruwa.

Daga ƙoramar nan ƙasa take canzawa. Ciyawa tana raguwa har ta ƙare, sai tsakuwa da farfasassun duwatsu masu ruwan toka da ke motsi a ƙarƙashin takalmi, hanyar kuma tana kai wa da komowa a jikin gangaren cikin dogayen kwanoni. A nan ne iska ke fara ratsa rigar da gumi ya jiƙa, a nan ne kuma ake ganin bambanci tsakanin wanda ya zo da rigar ruwa, safar hannu, hula da takalmi mai kauri, da wanda ya fito da kayan yawon gari saboda ya ga rana a Fort William. Bambancin zafi tsakanin gari da ƙololuwa yakan kai digiri 8 ko 9 tun kafin a sa lissafin iska. A sama da mita 1,100 dusar ƙanƙara takan kwana a kan hanyar har cikin watan Yuni, wani lokaci fiye da haka, kuma da zarar ta rufe sawun da ido ke bi, wannan hanya da aka yi wa dawaki ta daina zama jagora, sai dai tsibin duwatsun da aka jera a matsayin alama, su ma idan gajimare ya bari a gan su.

Hatsarin dutsen ya taru ne a 'yan mitocin ƙarshe. Wasu kwazazzabai biyu na fuskar arewa, Tower Gully da Gardyloo Gully, sun ci cikin filin sama sosai, har na biyun ya zo 'yan taku kaɗan daga inda hanya ta bi. A hunturu iska tana tura dusar ƙanƙara ta bakin waɗannan ramuka, tana gina wani leɓe da ke miƙewa a kan iska ba tare da komai a ƙarƙashinsa ba, kuma daga sama ba a bambance shi da ƙasa mai ƙarfi. Idan gajimare ya sauka a kan farin fili, sama da ƙasa sukan zama launi ɗaya, mutum ya kasa sanin ko gabansa hawa ne ko gangara. Mai saukowa da ya san akwai rami a hannun damansa yakan karkata hagu ba tare da ya ankara ba, can kuwa a kudu maso yamma akwai wani kwazazzabo mai suna Five Finger Gully, wanda bakinsa yake farawa da gangara mai laushi kamar hanyar gida, sannan ya tsananta a hankali har ya zama bango, inda komawa baya ta gagara. An gudu ba a tsira ba ke nan, kuma rayuka da dama sun salwanta a wurin ta wannan hanya.

Maganin da masana dutsen suka tsayar lissafi ne na kamfas, wato na'urar allura mai nuna arewa wadda aka raba da'irarta gida 360. Daga ginshiƙin safiyo da ke ƙololuwa, mai saukowa zai saita kamfas a digiri 231 bisa layukan taswira, ya yi tafiyar mita 150 daidai domin ya kauce wa bakin Gardyloo Gully, sannan ya juya zuwa digiri 282 ya riƙe wannan layi har ya sauka kan kwanonin hanya. Tun da babu abin awo a hannu, mita 150 ɗin da taku ake ƙirga su, saboda haka dole mutum ya riga ya san taku nawa ke kai shi mita 100 a kan dusar ƙanƙara da kaya a baya. Ana buga waɗannan lambobi a jikin taswirorin dutsen, amma buga su bai sa kowa ya iya aiki da su ba, musamman da hannu a daskare da iska tana ture mutum. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar masu aikin ceto ta Lochaber ta kafa sanduna biyu na ƙarfe a filin domin su taimaka wa masu saukowa, sai wasu mahaya suka sare su, suna ganin cewa alamu irin waɗannan suna ɓata dutse, suna kuma ba wa wanda bai ƙware ba ƙwarin gwiwar da ba shi da tushe. Hujjar tasu ba ta rasa gaskiya ba, sai dai tana da sauƙin faɗa ga wanda ba shi ne ke ɗauko gawa daga kwazazzabo da tsakar dare ba. Abin da aka daidaita a kai daga baya shi ne jerin tsibin duwatsu da ke bin layin sauka.

A ƙololuwar kanta akwai kangon tashar yanayi, bangaye na dutse marasa rufi, da wani ƙaramin ɗakin fakewa da aka ɗora a kan ragowar hasumiyar tashar domin ƙofarsa ta tsaya sama da dusar ƙanƙara. An taɓa yin ƙaramin otal a wurin, wanda ya ci gaba da karɓar baƙi bayan rufe tashar har zuwa zamanin Yaƙin Duniya na Farko, kuma a 1911 an hau da mota ƙirar Ford har sama domin talla. Irin waɗannan labarai sun taimaka wajen sa mutane su ɗauki dutsen da wasa.

Mai son ya ga abin da ya sa mahaya ke girmama Ben Nevis sai ya zagaya ta arewa, domin wanda ya bi hanyar dawaki yana iya hawa ya sauko bai taɓa ganin bangayen da ya tsaya a kansu ba. Hanya ta biyu tana farawa daga wurin ajiye motoci kusa da ƙauyen Torlundy, ta ratsa daji, ta bi gefen rafin Allt a' Mhuilinn, sannan ta bar rafin ta hau wani dogon gangare mai taɓo da ciyawa zuwa ƙololuwar Càrn Mòr Dearg, maƙwabcin dutse mai tsawon mita 1,220. Shi ma yana cikin duwatsun da ake kira Munro, wato duwatsun Sikotlan da suka kai ƙafa 3,000 ko mita 914, waɗanda Hugh Munro ya fara jerawa a 1891 kuma a yau ake lissafa su 282. Hawan gangaren yana da gajiyarwa kuma babu abin sha'awa a ƙarƙashin ƙafa, amma duk tsawonsa fuskar arewa tana buɗe a tsallaken kwari, ginshiƙi bayan ginshiƙi, da fararen layukan dusar ƙanƙara a cikin kwazazzabai.

Daga Càrn Mòr Dearg wani siririn doro ne ya lanƙwasa ya haɗa duwatsun biyu, yana zagaye kan kwarin Coire Leis. Doron tarin manyan tubalan jan dutse ne, a wasu wurare faɗinsa bai wuce inda mutum ɗaya zai tsaya ba, da gangara mai zurfi dama da hagu. Ba ya buƙatar igiya a bazara, sai dai a sa hannu nan da can, kuma akwai ɗan sawu a ƙasa da tsinin ta gefe guda ga wanda jiri ke ɗiba. Wahalarsa tana wani wuri dabam. Wanda ya hau shi ya riga ya yi awoyi yana tafiya, babu mafita mai sauƙi a tsakiya idan iska ta taso, kuma idan ya ƙare akwai sauran hawan gangaren manyan duwatsu kafin ƙololuwa, inda a cikin gajimare karkata dama ke kai mutum bakin rami. Bayan duk wannan sai an ratsa filin sama an sauka ta hanyar dawaki har tafki, sannan a yanki fadama a koma rafin da aka baro da safe, wanda tsallake shi kan yi wuya idan an yi ruwa. Tafiyar takan ci awa 10 ko fiye, da hawan da ya kai kimanin mita 1,500 gaba ɗaya. Ga mai ƙarfi da ya saba da taswira, a rana mai kyau, wannan ita ce hanya mafi daraja a dutsen, kuma da wuya a sami mai musun haka cikin waɗanda suka bi duka biyun.

Sauran hanyoyin fuskar arewa sun fara fita daga tafiyar ƙafa sun shiga hawan bango. A gindinsu, a mita 680, akwai wani ɗakin dutse na ƙungiyar mahaya ta Sikotlan wanda aka buɗe a 1929, iyayen Charles Inglis Clark ne suka gina shi domin tunawa da ɗansu da ya rasu a Yaƙin Duniya na Farko, kuma sai wanda ya nemi wuri tun da wuri yake kwana a ciki. Mafi sauƙin hanyoyin ita ce Ledge Route, wadda ke bin wasu dandamali a jikin bango, amma mafarinta yana cikin wani kwazazzabo da ake kira na biyar, inda dusar ƙanƙara ke yawan zaftarewa. A watan Maris na 2019 zaftarewa a wannan kwazazzabo ta kashe mahaya uku. Mafi shahara kuwa ita ce Tower Ridge, dogon ginshiƙin da 'yan gidan Hopkinson suka sauko ta kansa a 1892, Norman Collie da abokansa kuma suka haye shi a hunturun 1894. Kusa da ƙarshensa akwai wata tsaga da dole a sauka cikinta a fita ta ɗaya gefen da rami a kowane ɓangare, kuma a nan layi kan taru har dare ya riski na baya. Wannan aikin masu igiya ne, kamar yadda kwazazzaban ƙanƙara irin su Point Five Gully suke, wanda aka fara hawa a 1959 cikin kwanaki, sannan Jimmy Marshall da Robin Smith suka maimaita shi a 1960 cikin awoyi.

Lissafin lokaci yana da muhimmanci a nan fiye da yadda baƙo zai zata, saboda tsawon yini yana sauyawa ƙwarai: a Yuni haske yakan kai kusan awa 18, a Disamba kuwa da ƙyar ya kai 7. Mahayan Sikotlan suna aiki da ƙa'idar da William Naismith ya tsara a 1892, wadda ta ce a ba kowace kilomita 5 awa guda, a ƙara awa guda a kan kowace mita 600 ta hawa, ban da hutu. Ƙa'idar ta mai ƙarfi ce a kan busasshiyar ƙasa, kuma duk wanda ya tuna cewa hanyar Càrn Mòr Dearg takan ci awa 10 ko fiye zai ga cewa yinin Disamba bai isa ba. A hunturu ko hanyar dawaki tana buƙatar gatarin ƙanƙara da ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi, da sanin yadda ake tsayar da kai da gatarin idan an zame. Masu tseren shekara-shekara da ake yi a watan Satumba suna hawa su sauko cikin lokaci mai ban mamaki, har Kenny Stuart ya yi shi cikin awa 1 da minti 25 a 1984, amma wannan ba ma'auni ba ne ga kowa. Haka ma ayarin masu neman hawa Ben Nevis da Scafell Pike na Ingila da Snowdon na Wales cikin awa 24 domin tara kuɗin agaji: niyyar tana da kyau, sai dai agogo ne ke yanke musu shawara a wurin da ya kamata yanayi ya yanke.

Dokar Sikotlan ta 2003 ta ba kowa damar ratsa mafi yawan filaye da duwatsu matuƙar ya kiyaye haƙƙin wuri, saboda haka babu ƙofa, babu tikiti, babu mai duba kayan kowa a gindin Ben Nevis. Mutum fiye da 100,000 ne ke hawa a shekara, ƙafafunsu suna cinye hanya, kuma gyaranta da kwashe shara sun rataya a wuyan ƙungiyoyi irin su John Muir Trust, wadda ta sayi ƙololuwar da wani ɓangare na kudancin dutsen a shekarar 2000. Masu aikin ceto su ma 'yan sa-kai ne, mutanen yankin da ke barin aikinsu ko barcinsu idan 'yan sanda suka kira su, kuma ba a cajin wanda aka ceto ko kwabo. Wannan 'yanci ya mayar da dukan hukunci hannun mai hawa. Akwai hasashen yanayi na musamman domin duwatsu, akwai kuma rahoton hatsarin zaftarewar dusar ƙanƙara da ake fitarwa kullum a hunturu domin yankin Lochaber, kuma mai karatu da ya yi niyyar zuwa ya kamata ya duba su a daren tafiya, ya sake dubawa da safe. Idan ya kai ƙoramar Red Burn ya ga gajimare ya rufe kwanonin da ke samansa, da dusar ƙanƙara a ƙasa, alhali bai taɓa tafiya da kamfas yana ƙirga taku ba, to ya juya daga nan.